Dandalin wa? Tarihin rikicin toshe bakin masu ra'ayin mazan jiya a Amurka

A ranar 8 ga watan Janairun 2021, kwana biyu bayan magoya bayan Donald Trump sun kutsa ginin majalisar dokokin Amurka, kamfanin Twitter ya rufe shafin shugaban ƙasar, ya ce rufewa ce ta dindindin. Mutum sama da miliyan 88 ne ke bibiyar shafin a lokacin. Facebook ya riga ya dakatar da shi tun ranar 7 ga wata, YouTube kuma ya bi sahu ranar 12. Cikin mako guda, shugaban ƙasar da ta fi kowace ƙarfi a duniya ya rasa dandalin da ya saba magana da mutanensa kai tsaye.

Masu ra'ayin mazan jiya suka ce an yi wa 'yancin faɗin albarkacin baki yankan ƙauna. Masu sassaucin ra'ayi suka ce mai abu da abinsa, kamfani yana da ikon korar wanda ya karya ƙa'idarsa. Wanda ya san tarihin Amurka zai lura da wani abu a nan: shekaru hamsin da suka gabata, kowane ɓangare yana faɗin abin da abokin hamayyarsa ke faɗi yau ne. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Bin sawun wannan musayar matsayi shi ne zai nuna ainihin abin da ake jayayya a kai.

Dokar da ta ɗaure gwamnati kaɗai

Gyaran fuska na farko da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka tabbatar a 1791, ya hana majalisa yin dokar da za ta tauye 'yancin magana ko na 'yan jarida. Majalisa ya ambata, bai ambaci ɗan kasuwa ba. Waɗanda suka tsara shi hukuma suke tsoro, kuma ba a jima ba tsoronsu ya tabbata. A 1798, zamanin shugaba John Adams, aka kafa dokar hana tunzura jama'a, aka ɗaure ɗan majalisa Matthew Lyon na jihar Vermont wata huɗu tare da tarar dala 1,000 saboda sukar shugaban ƙasa. Mutanen mazaɓarsa suka sake zaɓensa yana cikin kurkuku.

Tambayar da kundin bai amsa ba ita ce: idan filin da jama'a ke taruwa mallakin wani ne fa? Ta zo gaban Kotun Ƙoli a 1946. Garin Chickasaw da ke jihar Alabama, da titunansa da kantunansa, duk mallakin wani kamfanin ƙera jiragen ruwa ne. Wata mata mai suna Grace Marsh, mabiyar ɗarikar Shaidun Jehobah, ta tsaya a bakin titi tana raba takardun wa'azi. Aka ce ta bari ta ƙi, aka kama ta da laifin shiga hurumin wani. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Mai shari'a Hugo Black ya bayyana cewa gwargwadon yadda mai dukiya ya buɗe dukiyarsa ga jama'a don amfanin kansa, gwargwadon haka haƙƙin masu shigowa ke rage masa iko.

Wannan hukunci bai yi nisa ba. A 1972 da 1976 kotun ta ƙi faɗaɗa shi zuwa manyan kantunan zamani. Amma ya bar wata hujja a ajiye, kuma bayan shekaru saba'in masu ra'ayin mazan jiya ne suka ɗauko ta suka kaɗe mata ƙura.

Darasin rediyo

A 1949 hukumar kula da sadarwa ta Amurka, FCC, ta kafa wata ƙa'ida ta daidaito a watsa labarai. Duk tashar rediyo ko talabijin da ke da lasisi dole ta tattauna manyan batutuwan da suka shafi jama'a, kuma ta ba ɓangarori masu saɓani dama. Hujjar hukumar ita ce mitocin da ake watsa shiri a kansu ba su da yawa, kuma dukiyar al'umma ce. Wanda aka ba ɗaya amana aka ba shi.

A takarda ƙa'idar ta yi kyau. A aikace sai ta zama sanda. A watan Nuwamban 1964, wani mai wa'azin Kirista mai ra'ayin mazan jiya, Billy James Hargis, ya caccaki marubuci Fred Cook a wata ƙaramar tasha da ke garin Red Lion na jihar Pennsylvania. Cook ya rubuta littafi yana sukar Barry Goldwater, ɗan takarar Republican a zaɓen shekarar. Ya nemi tashar ta ba shi lokaci kyauta ya mayar da martani, tashar ta ƙi. A 1969 Kotun Ƙoli ta goyi bayan hukumar ba tare da alƙali ko ɗaya ya saɓa ba, ta ce haƙƙin mai sauraro yana gaba da na mai tasha. Daga baya Fred Friendly, tsohon shugaban sashen labarai na CBS, ya bankaɗo yadda jam'iyyar Democrat ta riƙa amfani da ƙa'idar wajen takura wa masu shirye-shiryen mazan jiya, har wasu tashoshi suka gwammace su sauke shirin da su yi ta ba da lokaci kyauta.

Darasin da masu ra'ayin mazan jiya suka ɗauka a nan bai da wuyar fahimta: idan aka ba gwamnati ma'aunin adalci, mai riƙe da gwamnati ne zai riƙa awo. Hukuncin 1974 ya ƙarfafa musu gwiwa. Wani ɗan takara a Florida, Pat Tornillo, ya nemi a tilasta wa jaridar Miami Herald ta buga martaninsa, bisa wata dokar jihar ta 1913. Kotun Ƙoli baki ɗaya ta ce a'a: zaɓen abin da za a buga da abin da za a bari aikin edita ne, kuma tilasta wa mutum ya faɗi abin da ba ya so tauye masa 'yanci ne kamar hana shi magana.

A 1987 majalisa ta yi yunƙurin mayar da ƙa'idar daidaiton doka, shugaba Ronald Reagan ya hau kujerar na-ƙi, kuma a watan Agustan shekarar FCC ta soke ta. Shekara guda bayan haka shirin Rush Limbaugh ya fara zagaye ƙasar, sa'o'i na ra'ayi ɗaya ba tare da wajibcin jin ɗaya ɓangaren ba. Ƙarfin da mazan jiya suka samu a rediyo an gina shi ne a kan ƙa'ida guda: mai tasha ke da ikon cewa wa zai yi magana.

Sashe na 230

Intanet ta zo da sabuwar matsala. A 1991 wata kotu ta wanke kamfanin CompuServe daga ƙarar ɓata suna, saboda bai duba abin da mutane ke wallafawa a zaurukansa. Kamar mai sayar da littattafai yake. A 1995 wata kotu a New York ta ce kamfanin Prodigy za a iya kama shi da laifin abin da wani ya rubuta, saboda shi yana tace kalaman batsa da zagi, don haka ya zama mawallafi. Sakamakon hukunce-hukuncen biyu ya zama abin mamaki: wanda ya share gidansa shi ke biyan tara, wanda ya bar shi da datti ya tsira.

'Yan majalisa biyu, Chris Cox na Republican da Ron Wyden na Democrat, suka kawo gyara. Shi ne Sashe na 230 na dokar da Bill Clinton ya sa wa hannu a watan Fabrairun 1996. Ya ƙunshi abu biyu. Na farko, ba za a ɗauki kamfanin intanet a matsayin mawallafin abin da wani ya rubuta ba. Na biyu, ba za a kama shi da laifi ba idan da kyakkyawar niyya ya cire abin da yake ganin bai dace ba, ko da tsarin mulki bai haramta maganar ba. Babu inda dokar ta ce sai kamfani ya zama ɗan ba-ruwanmu kafin ya sami wannan kariya, ko da yake an sha faɗin haka daga baya. Manufarta tun asali ita ce a ƙarfafa wa kamfanoni gwiwa su tace, kuma masu ra'ayin mazan jiya da ke son kare yara daga batsa suna cikin waɗanda suka fi maraba da ita.

Abin da ba a hango ba a 1996 shi ne girma. A lokacin zauruka ne barkatai, wanda aka kora daga ɗaya sai ya koma wani. Bayan shekara ashirin, kamfanoni uku ko huɗu ne ke riƙe da mafi yawan hirar siyasar ƙasar.

Daga gunaguni zuwa kora

A watan Mayun 2016 shafin Gizmodo ya ruwaito tsofaffin ma'aikatan Facebook suna cewa ana danne labaran mazan jiya a jerin labaran da ke tashe. Kamfanin ya musanta, amma Mark Zuckerberg ya gayyaci fitattun masu wannan ra'ayi ya gana da su. A watan Agustan 2018 Apple da Facebook da YouTube da Spotify suka cire Alex Jones kusan a rana ɗaya, Twitter ya biyo baya a Satumba. Jones shi ne mutumin da ya shafe shekaru yana cewa harbin makarantar Sandy Hook na 2012, inda aka kashe yara 20 da manya 6, shiri ne kawai. Kaɗan ne suka fito kare shi, amma da yawa sun lura da yadda kamfanonin suka motsa tare.

A ranar 14 ga Oktoban 2020, saura makonni uku a yi zaɓe, Twitter ya hana yaɗa rahoton jaridar New York Post kan kwamfutar Hunter Biden, ɗan Joe Biden, ya kuma kulle shafin jaridar na kusan mako biyu. Shugaban kamfanin, Jack Dorsey, ya amsa daga baya cewa kuskure ne. Wannan shi ne misalin da ya fi kowane ƙarfi a hannun masu ƙorafi, domin ba zagi ba ne, ba tunzurawa ba ce, rahoton jarida ne kan iyalin ɗan takara.

Sai Janairun 2021. Ban da Trump, Twitter ya rufe shafuka sama da 70,000 masu alaƙa da aƙidar QAnon. Waɗanda aka kora suka nufi Parler, dandalin da ke alfahari da ƙarancin tacewa. Cikin kwana uku Google da Apple suka cire shi daga rumbun manhajojinsu, Amazon kuma ya janye na'urorin da ke ɗauke da shi, shafin ya mutu. Tsohuwar amsar nan, wato in ba ka so ka je ka gina naka, ta yi rauni a wannan rana. Masu suka ba 'yan Republican kaɗai ba ne. Shugabar gwamnatin Jamus Angela Merkel, wadda ba ta ga-maciji da Trump, ta bakin kakakinta ta ce matakin yana da matsala. Alexei Navalny, madugun adawar Rasha, ya yi gargaɗin cewa azzaluman shugabanni za su kafa hujja da shi.

Shin an fi korar mazan jiya? Bincike ya ba da amsa mai fuska biyu. Wani nazari da mujallar Nature ta buga a 2024 ya gano cewa shafukan magoya bayan Trump a zaɓen 2020 sun fi na magoya bayan Biden fuskantar dakatarwa fiye da ninki huɗu, amma kuma sun fi yaɗa labarai daga majiyoyi marasa inganci, ko da 'yan Republican ne aka sa suka auna ingancin. A ɗaya gefen, binciken da Twitter ya yi da kansa a 2021 ya nuna cewa tsarin kwamfutarsa mai zaɓar abin da mutum zai gani ya fi ɗaga muryar 'yan siyasar mazan jiya a ƙasashe shida cikin bakwai. Ana iya korar ɓangare fiye da wani ba tare da an nufe shi ba, kamar yadda ake iya nufarsa a ɓoye a bayan ƙa'ida. Tunda hukuncin a bayan labule ake yanke shi, ba mai iya tabbatarwa daga waje.

Abin da ya faru a Abuja

A ranar 4 ga Yunin 2021 Facebook ya sanar cewa dakatarwar Trump ta shekara biyu ce, bayan kwamitin sa-idonsa ya ce hukunci marar wa'adi bai dace ba. A wannan rana ce kuma ministan yaɗa labaran Najeriya, Lai Mohammed, ya sanar da dakatar da Twitter a faɗin ƙasar. Kwana biyu kafin nan kamfanin ya goge wani saƙon shugaba Muhammadu Buhari da ya yi nuni da yaƙin basasa yana gargaɗin masu tayar da ƙayar baya a kudu maso gabas. Ministan shari'a Abubakar Malami ya ba da umarnin gurfanar da masu kewaye haramcin. Ranar 8 ga wata Trump ya fitar da sanarwa yana taya Najeriya murna, yana kira ga wasu ƙasashe su yi koyi da ita.

Haramcin ya kai kwana 222, aka ɗage shi ranar 13 ga Janairun 2022, kuma a watan Yulin shekarar kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa doka. Kamfani ya goge saƙon mutum ɗaya, gwamnati ta rama ta hanyar rufe bakin miliyoyi, har da 'yan kasuwar da ke cin abinci a dandalin. Wanda ke kuka an toshe masa baki shi ne ya tafa wa wannan. Duk mai ganin cewa hukuma ce za ta ƙwato masa haƙƙi daga hannun kamfani yana da abin dubawa a nan.

Gaban alƙalai

A Amurka jihohi biyu suka ɗauki hanyar doka. Florida, ƙarƙashin Ron DeSantis, ta kafa doka a Mayun 2021 mai cin tarar dala 250,000 a kullum ga dandalin da ya kori ɗan takarar babban muƙamin jiha. Texas ta biyo baya a Satumba, ta hana dandalin da ke da masu amfani sama da miliyan 50 cire saƙo saboda ra'ayin da ke cikinsa. Hujjarsu ita ce waɗannan kamfanoni kamar kamfanin tarho ko jirgin ƙasa suke, ba su da ikon zaɓen fasinja. Mai shari'a Clarence Thomas ya nuna karkata ga wannan fahimta tun a Afrilun 2021. Wato hujjar Chickasaw da ta Red Lion sun dawo, amma a bakin magadan Reagan. Kamfanonin kuwa, da masu sassaucin ra'ayi da ke mara musu baya, suka jingina da hukuncin Miami Herald.

A ranar 1 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da shari'o'in biyu ƙananan kotuna, amma mai shari'a Elena Kagan ta fayyace cewa tsara abin da ke fitowa a babban shafin Facebook ko YouTube aikin edita ne da tsarin mulki ke karewa, kuma jiha ba ta da hurumin gyara ma'aunin ra'ayoyi yadda take so. Kwana biyar kafin nan kotun ta kori wata ƙara da jihohin Missouri da Louisiana suka shigar, suna zargin gwamnatin Biden da matsa wa kamfanoni lamba su cire saƙonni kan cutar korona da zaɓe. Alƙalai shida cikin tara suka ce masu ƙarar ba su nuna cewa su ne aka cutar kai tsaye ba, don haka ba a shiga gundarin zancen ba. Bayan wata biyu Zuckerberg ya rubuta wa majalisa cewa lallai jami'an gwamnatin sun matsa wa kamfaninsa a 2021, kuma ya yi nadamar rashin fitowa ya yi magana. A nan ƙorafin mazan jiya yake da tushe mafi ƙarfi a tsarin mulki, domin idan hannun hukuma ne cikin rigar kamfani, to hukuma ce ta yi.

Reshe ya juye da mujiya

Ba kotu ce ta mayar da waɗanda aka kora ba, kuɗi da zaɓe ne. Elon Musk ya sayi Twitter kan dala biliyan 44 a Oktoban 2022, ya mayar da shafin Trump a Nuwamba bayan ƙuri'ar jin ra'ayi da ya yi a shafinsa. Meta da YouTube suka buɗe masa ƙofa a 2023. A ranar 7 ga Janairun 2025, saura kwana goma sha uku Trump ya koma mulki, Zuckerberg ya sanar da kawo ƙarshen aikin masu tantance gaskiyar labari a Amurka, kuma kafin watan ya ƙare Meta ya amince ya biya dala miliyan 25 don sasanta ƙarar da Trump ya shigar.

Ikon bai ragu ba, hannu ya sauya. A Disamban 2022 Musk ya dakatar da shafukan wasu 'yan jarida da suka yi rubutu kan shafin da ke bin diddigin jirginsa. A Mayun 2023, ana jajibirin zaɓen Turkiyya, kamfaninsa ya taƙaita wasu shafuka bisa buƙatar gwamnatin ƙasar. A Satumban 2025 kuwa, tashar ABC ta dakatar da shirin ɗan barkwanci Jimmy Kimmel na 'yan kwanaki bayan shugaban FCC, Brendan Carr, ya yi barazana ga tashoshi masu lasisi. Hukumar da mazan jiya suka karɓe wa sanda a 1987 ita ce ta sake ɗaga ta, wannan karon a madadinsu. Sanata Ted Cruz na Texas, ɗan Republican, ya gargaɗi jam'iyyarsa cewa ranar da 'yan Democrat suka dawo mulki da wannan sandar za su yi duka.

Shekaru tamanin na wannan jayayya sun nuna cewa kowane ɓangare yakan tuna da haƙƙin mai magana ne idan shi aka rufe wa ƙofa, ya tuna da haƙƙin mai gida idan mabuɗin yana aljihunsa. Tsoron gwamnati da mazan jiya suka yi a zamanin rediyo gaskiya ne, tsoron kamfani da suka yi a 2021 shi ma gaskiya ne, kuma ɗayan bai soke ɗayan ba. Matakan da suka fi jure gwaji su ne waɗanda ba su dogara da kirkin mai iko ba: ƙa'ida rubutacciya da kowa ya sani, bayyana dalilin hukunci, damar ɗaukaka ƙara, fito da duk wata buƙata da gwamnati ta aika wa kamfani a fili, da yawaitar dandali ta yadda kora daga ɗaya ba za ta zama kora daga gari ba. Duk wanda zai ba wani ikon rufe bakin abokin hamayyarsa, ya fara tambayar kansa ko zai yarda ikon ya faɗa hannun wanda ya fi ƙi. Hausawa sun daɗe da taƙaita wannan: in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.